Ciwon bayan cikon haƙori: Yadda ake asarar haƙorin da gyaran minti biyar zai ceto a Zongon Kwatano

A Zongon Kwatano akwai wata magana da ta kusa zama doka a bakin jama'a: "Ciko ɓarnar kuɗi ne, in haƙori ya dame ka, cire shi ka huta."

Za ka ji ta a teburin mai shayi, za ka ji ta wurin 'yan gwanjo a kasuwa, za ka ji ta a bakin masu jiran fitowar kaya a tashar jiragen ruwa. Kuma duk wanda ya faɗe ta yana da hujjarsa a hannu: wane ya je an cike masa haƙori, ya biya kuɗi masu kauri, bayan kwana uku ko burodi ya kasa taunawa, ƙarshe dai sai da aka cire.

Irin wannan labari yana faruwa, ba ƙarya ba ne. Sai dai rabinsa ake bayarwa. Rabin da ba a faɗa shi ne, sau da yawa haƙorin da aka cire lafiyarsa ƙalau. Cikon ne ya ɗan yi tudu, ya ɗara sauran haƙora tsawo da abin da bai wuce kaurin gashin kai ba, kuma da mai shi ya koma wurin likita, da a zama ɗaya an goge tudun an wuce wurin.

Ni a Placodji nake zaune, unguwar da ke bakin mashigin da ruwan tafkin Nokoué ke bi ya faɗa teku, tafiyar 'yan mintuna a kan zem, wato 'yan acaɓan nan masu riga ruwan ɗorawa, zuwa Babban Masallacin Zongo. An taɓa yi mini ciko, na ɗanɗani wannan ciwo, na kuma ga maƙwabtan da suka rabu da turamensu a kansa. Shi ya sa na ga ya dace a warware zancen dalla-dalla: wane ciwo ne zai wuce da kansa, wanne ne ke son ɗan gyara, wanne ne kuma ba a kwana da shi.

Me ake zubawa a cikin kogon?

A nan Benin ba ka cika jin an ce "ciko" a asibiti ba. Kalmar Faransanci ake amfani da ita, plombage, wadda ta samo asali daga sunan darma a harshen, duk da cewa cikon da ake yi yau babu darma a cikinsa.

Iri biyu aka fi sani. Akwai mai launin azurfa, wanda kusan rabinsa zaiba ce, sauran kuma azurfa da kuza da tagulla. Yana da ƙarko, amma yakan ɗauki kusan awa 24 kafin ya gama ƙanƙarewa, shi ya sa ake cewa kada a tauna abu mai tauri a gefen a ranar farko.

Akwai kuma fari mai kama da haƙori, wanda ake haska masa wata shuɗiyar fitila ya daskare nan take. Shi ne ke ƙara yaɗuwa, domin duniya na janye jiki daga zaiba. Yarjejeniyar Minamata ta shekarar 2013 ta nemi a rage amfani da cikon zaiba, daga baya aka ƙara da cewa a daina sa wa yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu juna biyu da masu shayarwa, sai in likita ya ga babu makawa. Tarayyar Turai kuwa ta hana shi tun daga watan Janairun 2025, in ban da larura.

Wannan ba ya nufin wanda ke da tsohon ciko mai launin azurfa, kuma ba ya damunsa, ya ruga a ƙwaƙule masa. Duk lokacin da aka taɓa haƙori da inji, ana cin wani abu daga jikinsa. Kuma kowane iri aka sa maka, fari ko na azurfa, yana iya yin tudu.

Yadda ɗan tudu ke hana mutum cin abinci

Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai wani siririn matashi na zaruruwa, kaurinsa kamar kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Shi ke riƙe haƙori, shi ke shanye nauyin tauna, kuma cike yake da jijiyoyin ji. Shi ya sa ko ƙwayar yashi ɗaya ta shiga shinkafa, nan take za ka sani.

Idan baki ya rufu daidai, haƙoran sama da na ƙasa suna haɗuwa kusan lokaci guda, su raba nauyin a tsakaninsu. Nauyin kuwa ba ƙarami ba ne, domin cizon babban mutum a kan turmi yana iya kai kilo 60 ko fiye.

To, ka ɗauka ciko ya ɗara sauran tsawo ko da kaɗan ne. Duk rufe bakin da za ka yi, shi zai fara bugawa. Kayan da ya kamata mutum goma su ɗauka, an ɗora wa mutum ɗaya, kuma ba lokacin cin abinci kawai ba, har haɗiyar yawu da cizon haƙora cikin barci. Cikin kwana biyu ko uku wannan matashi sai ya ƙuje ya kumbura. In ya kumbura sai ya ɗan turo haƙorin waje, tudun ya ƙaru, ciwon ma ya ƙaru.

Daga nan sai mutum ya koma tauna da gefe ɗaya, yana karkatar da muƙamuƙi ba tare da ya lura ba. Bayan mako guda sai ga ciwo a gaban kunne, ga ciwon kai, ga wuya ya ƙage. Wasu har maganin kunne suke saya, alhali matsalar tana cikin baki.

Nawa haka ya kasance. Turmin ƙasa ne na hagu. Washegarin ranar da aka cike shi na zauna cin wagashi, cukun Fulanin nan mai laushi da ko tsohuwa marar haƙori za ta ci, amma ina cizawa sai na ji kamar na taka tsakuwa da haƙori. In na bar baki a buɗe, shiru. In na rufe, sai wannan haƙori ya riga kowa gaisawa da na sama.

A rana ta uku na koma. Likitar ta sa mini wata 'yar siririyar takarda mai launin shuɗi a tsakanin haƙora, ta ce in ciza, in kuma goga haƙora hagu da dama. Da ta ba ni madubi sai ga ɗigon shuɗi mai kauri a kan cikon, sauran haƙoran kuwa da ƙyar suka ɗauki launi. Ta goge wurin da inji, ba allura, ba jini. Muka maimaita sau uku. Ban fi minti biyar a kujerar ba, kuma ko dala ba ta karɓa ba. A daren na ci tuwo. Ɗan tsamin da ya rage ya bi ruwa cikin kwana biyar.

Matsalar "ça va"

Mai karatu zai ce, to me ya hana a daidaita shi tun ranar farko? Ai ana gwadawa. Duk likitan kirki yana sa wannan takarda kafin ya sallame ka. Amma a lokacin an yi maka allurar kashe zafi, leɓe da harshe da rabin muƙamuƙi duk sun mutu, ka kuma daɗe da baki a wangame, kana kwance. Cizon da za ka yi a wannan hali ba shi ne cizonka na kullum ba. Gaskiyar magana ba ta fitowa sai allura ta sake ka, ka zauna cin abinci a gida.

Mu a nan kuma akwai ƙarin wata matsala, ta harshe. Likita na magana da Faransanci ko Fon, majinyaci kuwa Hausa ce a bakinsa, ko Zabarmanci ko Dendi, Faransancin nasa na ciniki ne. Likita zai ce "ça va?", wato lafiya dai? Shi kuwa Bahaushe, ko yana kan gadon asibiti aka ce "ya jiki?" amsarsa "da sauƙi". Sai ya ce "ça va", ya tashi.

Likita tambayar aiki ya yi, majinyaci kuma amsar gaisuwa ya bayar. A tsakanin nan ake asarar haƙori.

Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya daɗe yana sana'ar goro, ya yi kusan wata guda yana fama bayan an yi masa ciko. Goron da yake sayarwa ma ya gagare shi, sai dai a kankare masa. Na ce, "Baba, ka koma wurin wanda ya yi maka aikin mana." Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, in koma in ce masa bai iya ba? Kuma in sake biya?"

Abu biyu ke nan suka tare shi: kunya da tsoron kuɗi. Kafin 'ya'yansa su shawo kansa, ya riga ya je wani wuri an cire. Yanzu gurbin na nan, kuma goro sai da gefe ɗaya.

Komawa wurin likita ba cin fuska ba ne. Gyaran tudu ɓangare ne na aikin, kuma likitocin haƙori sun saba da shi. Wanda Faransancinsa bai nuna ba, ga abin da zai ce: "Le plombage est trop haut", ma'ana cikon ya yi tsawo. Ko kuma ya tafi da yaron da zai yi masa tafinta.

Ba kowane ciwo ne tudu ba

A nan ne ya kamata a natsu, domin ciwon bayan ciko kala-kala ne, kuma kowanne da maganinsa. A tsakiyar kowane haƙori akwai ɓargo mai jijiya da hanyoyin jini. Yadda kogon ya kusanci wannan ɓargo, haka ciwon bayan aiki ke ƙaruwa.

Na farko, tsamin sanyi. Ka kurɓi ruwan leda mai sanyi ko zoɓo mai ƙanƙara, ka ji tsit kamar an soka allura, amma cikin daƙiƙa kaɗan ya wuce. Wannan jijiyar ce ta ɗan fusata saboda girgiza da zafin inji. Farin ciko ma yakan ɗan tsuke lokacin da yake daskarewa, ya ja jikin haƙori. Irin wannan yakan lafa da kansa cikin mako biyu zuwa huɗu. Alamarsa mai kyau ita ce kullum raguwa yake yi. A rage sanyi da zafi sosai, a samu man goge baki na masu tsamin haƙori.

Na biyu, ciwon cizo, wanda muka yi bayani. Ba ya zuwa sai an haɗa haƙora. In kwana biyu ko uku suka wuce kana jin haƙorin na riga sauran taɓawa, kada ka jira wai tauna za ta cinye tudun. Kafin cikon ya lotsa, haƙorin ya sha wuya, wani lokaci ma ya tsage.

Na uku, ciwon saki. Ka ciza ƙuli-ƙuli ko aya, ba ka ji komai ba, amma kana sakin cizon sai ka ji wani zafi mai kaifi. Wannan yakan nuna tsaga a jikin haƙori, ko kuma cikon bai kama sosai ba. Likita ne kaɗai zai tantance, kuma gara da wuri, tun tsagar ba ta kai saiwa ba.

Na huɗu, ciwon dasashi a tsakanin haƙora. In duk ka ci tsire ko kilishi sai nama ya maƙale a gefen cikon, wurin na jini, to bakin cikon ne bai zauna daidai da maƙwabcinsa ba. Tsinken sakace ba zai magance shi ba, sai an gyara gefen ko an sake cikon.

Na biyar shi ne babba. Zogi ne da ke tasowa haka kawai ba ka ci komai ba, yana bugawa kamar zuciya, ya fi tsanani in ka kwanta, ya tashe ka tsakar dare. In ka sha shayi mai zafi sai ya ɗauki rabin minti ko fiye bai sake ka ba. Wannan alama ce ɓargon ya kamu ta yadda ba zai warke da kansa ba. Galibi ruɓar ce ta riga ta yi zurfi kafin a je asibiti, ba cikon ne ya jawo ba. Duk da haka ba dole sai an cire ba. Ana iya ɗaukar hoton haƙorin, a cire jijiyar, a wanke cikin saiwar a toshe, haƙori ya ci gaba da aiki shekaru.

A kula da wani tarko: wani lokaci wannan zogi yakan ɗauke ɗif bayan 'yan kwanaki, mutum ya ce Alhamdulillahi na warke. Ta yiwu jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin cuta kuma suna gangarawa ƙarƙashin saiwa suna tara mugunya.

Idan kuwa fuska ta kumbura, ga zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi suna wuya, to wannan ya wuce zancen haƙori. Kumburin da ya bi ƙarƙashin harshe yana iya toshe maƙogwaro. Ko tsakar dare ne a nufi asibiti. A nan Kwatano, babban asibitin koyarwa na CNHU Hubert Koutoukou Maga yana da sashen kula da baki da haƙori.

Alhazai da haƙorin Makka

Akwai wani ciwo da ya fi shafar alhazai da hajiyoyinmu. Wanda ke da haƙorin Makka, in aka yi masa cikon azurfa a haƙorin da ke taɓa shi, yana iya jin wani fizga kamar na lantarki duk lokacin da suka haɗu, ko ɗanɗanon ƙarfe a baki.

Ba iska ba ce, ba kuma sammu ba. Ƙarfe biyu mabambanta ne a cikin yawu, suka zama kamar ɗan ƙaramin batir. Yakan ragu da kansa bayan ɗan lokaci, in kuma ya ƙi, sai a canza cikon zuwa fari. Mai haƙorin Makka ya nuna wa likita tun kafin a zaɓi abin da za a zuba.

Maganin bakin hanya

Kafin mutum ya yanke shawarar komawa asibiti, yawanci ya riga ya bi ta hannun masu ba da shawara goma. Wannan ya ce a danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi, wancan ya ce garin taba, wani ya ce kanwa, har da masu cewa ruwan batir ko fetur. Asfirin a kan dasashi ƙona naman yake yi ya bar farin gyambo. Ruwan batir kuwa ba sai an faɗa ba.

Kanumfari yana da gaskiyarsa, domin akwai wani mai a cikinsa da ke kwantar da zogi, wanda likitocin haƙori ma ke amfani da shi a cikon wucin gadi. Amma kwantar da zogi daban, goge tudu daban.

Har yau akwai masu yawo suna cewa za su fitar da tsutsar da ke cin haƙori. Wannan zance tsoho ne ƙwarai a duniya, kuma tun a 1728 likitan nan na Faransa, Pierre Fauchard, ya yi watsi da shi a littafinsa na aikin haƙori, ya ɗora laifin a kan zaƙi. Babu tsutsa a ƙarƙashin ciko.

Sai batun ƙwayoyi. Kwatano ta san illar maganin tebur fiye da garuruwa da yawa. A nan ne tsohon shugaban Faransa Jacques Chirac ya yi kiran yaƙi da jabun magunguna a ranar 12 ga Oktoban 2009, kuma a watan Fabrairun 2017 jami'an tsaro suka dira Adjégounlè, ɓangaren masu magani a kasuwar Dantokpa, suka kwashe tan-tan na kaya. Wanda zai sha farasitamol ko ibuprofen don ya samu barci kafin ya ga likita, ya saya a kantin magani mai rajista, ya kuma bi ƙa'ida. Mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su nisanci ibuprofen da danginsa sai da izinin likita. Kafso na kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba ya rage tsawon ciko ko da za a shanye kwali guda.

Ga matafiya da masu shirin zuwa

Zongo unguwar baƙi ce. Kullum akwai wanda ya zo daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi don sayen mota ko fitar da kaya, ya ce bari ya yi amfani da damar ya gyara haƙori kafin ya juya. Sai a yi masa ciko da yamma, da asuba ya kama hanyar Seme ko Malanville. Ciwon zai same shi a hanya, nesa da wanda ya yi aikin.

In da hali, a bar kwana uku tsakanin ciko da tafiya. In kuma an riga an tafi, kowane likitan haƙori a inda aka sauka zai iya goge tudu, ba sai wanda ya yi ba.

Kafin ka tashi daga kujera, ka nemi a ɗaga ta ka zauna sosai, sannan ka ciza takardar, ka motsa muƙamuƙi gaba da gefe. In ka ji wani abu ba daidai ba, ko kaɗan ne, ka faɗa. Ka tambayi zurfin kogon, domin in ya kusa jijiya gara ka sani tun wuri. Ka kuma tambaya ko akwai biya in ka dawo gyara, don kada tsoron kuɗi ya zaunar da kai a gida. Kada ka ci komai sai allura ta sake ka, kar ka tauna harshe ko kumatu ba ka sani ba.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma kimanin biliyan 2.5 na yawo da ruɓaɓɓen haƙori da ba a yi wa magani ba. Wanda ya kai kansa har aka yi masa ciko ya riga ya yi abin da da yawa ba su samu yi ba. Abin takaici ne a ce ya yi mai wuyar, sannan ya rasa haƙorin a kan mai sauƙin.

Cirewa tana kama da hutu, amma tana da nata bashin. Haƙoran da ke gefen gurbin sukan karkato ciki, na sama ya zazzago tunda babu abin da zai tare shi, cizo ya sake rikicewa, abinci ya riƙa maƙalewa a sababbin wurare. Sa na roba ko dasa wani kuma ya fi ciko tsada nesa ba kusa ba. Babban mutum haƙora 32 gare shi in sun cika, kuma wanda aka cire ba ya sake tsirowa.